Daga allurar insulin zuwa ƙwayar sha: yadda muke bi da jaririn da ciwon sukari ya kama kafin wata 6

Duk yaron da aka kawo mana da ciwon sukari, abin da muke fara tambaya shi ne yana da wata nawa aka gano ciwon. Ko ya kai shekara ashirin a yau, idan mahaifiyarsa ta ce tun yana goye, kafin ya iya zama, aka fara yi masa allura, to sai an nemo mana katin asibitinsa na farko. Iyakar da muke dubawa wata 6 ce. Nau'in ciwon sukarin da aka saba gani a yara, wanda garkuwar jiki ke lalata ƙwayoyin da ke yin insulin, da wuya ƙwarai ya kama jariri kafin nan. Wanda ya bayyana kafin wata 6 kusan kullum canji ne a ƙwayar gado guda ɗaya, kuma sanin wace ce cikinsu shi ke nuna maganin da ya dace. Ciwon ba shi da yawa, kamar jariri ɗaya ne cikin 100,000, amma ƙasar da ake haifar miliyoyin jarirai a shekara ba ta rabuwa da su.

Yadda suke zuwa kan ruɗar da mutum. Uwa za ta ce, "Likita, nono ba ya isarsa, tsumma ba ya bushewa, ga shi sai ramewa yake yi." Wata za ta ƙara da cewa tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari. Idan abin ya yi nisa sai a ga maɗiga ta faɗa, baki ya bushe, numfashi ya yi zurfi da sauri. A nan ake yawan kuskure, a ce nimoniya ce ko zazzaɓin cizon sauro, a ɗaura masa ƙarin ruwa mai sukari, abin ya ƙara dagulewa. Alhali ɗigon jini ɗaya daga diddige ya isa. Shi ya sa duk jaririn da ya zo a bushe kuma yana ta fitsari, muna gwada sukarinsa kafin a ɗaura komai, mu duba kiton, sinadarin da ke taruwa a jiki idan insulin ya yi ƙaranci, a jini ko a fitsari. Yawancin jarirai masu wannan ciwo an haife su da ƙarancin nauyi ko da cikin ya cika wata tara, domin insulin na cikin abubuwan da ke gina ɗan tayi.

Sai dai hawan sukari kaɗai bai isa a yanke hukunci ba. Bakwaini, da jaririn da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, da wanda ake ba magungunan sitiroyid, duk sukarinsu kan hau na 'yan kwanaki ya sauko. Wanda muke ɗauka da gaske shi ne wanda ya zarce 11 a ma'aunin milimol, wato 200 a ma'aunin miligiram, ya ƙi saukowa bayan an kawar da waɗannan dalilai. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na watannin baya, ba ya amfani a wannan shekaru, saboda jinin jariri har yanzu cike yake da nau'in himogulobin na ɗan tayi, wanda ke sa sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya. Haka ma ba a dogara da shi a mai sikila.

Matakin farko ceton rai ne, kuma ba ya jiran gwajin gado: ruwa, sannan insulin bayan kamar awa ɗaya da fara ruwan. Matsalar ita ce ƙanƙantar adadin. Insulin ɗin kasuwa yunit 100 ne a mililita ɗaya, jariri kuwa wani lokaci abin da yake buƙata bai kai rabin yunit ba. Idan ta jijiya ne, muna zuba yunit 50 a mililita 50 na ruwan gishiri, kowace mililita ta zama yunit ɗaya, mu fara zubar da wani ɓangare ta cikin robar kafin a haɗa ta da jariri, domin insulin na manne wa roba. Wanda ya tsallake wannan zai ga sa'o'in farko kamar maganin ba ya aiki, ya ƙara gudu, can kuma sukari ya faɗi warwas.

Dalilin da ya sa ba mu tsaya a insulin ba ya samo asali ne daga aikin wasu masu bincike a Ingila. A 1984, Frances Ashcroft ta Jami'ar Oksfod ta nuna cewa sukari yana sa wata 'yar ƙofa ta fotashiyam ta rufe a jikin ƙwayoyin beta, waɗanda ke yin insulin a cikin fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi. Ga yadda abin yake. Idan mutum bai ci komai ba, ƙofar a buɗe take, fotashiyam na ta fita, ƙwayar na zaune shiru. Da ya ci abinci sukari ya shiga ƙwayar, sai ta ƙone shi ta samar da wani sinadari mai suna ATP. Shi ATP ke rufe ƙofar. Tana rufuwa sai yanayin lantarkin ƙwayar ya sauya, ƙofofin kalsiyam su buɗe, kalsiyam ya shigo, insulin ya fita. Ƙofar gida takwas ce: huɗu ana kiransu Kir6.2, su ne ramin kansa, ƙwayar gado mai suna KCNJ11 ke tsara su. Huɗu kuma SUR1, suna kewaye, ƙwayar ABCC8 ke tsara su. Ƙwayoyin gadon biyu maƙwabtan juna ne a kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin zaruruwan da ƙwayoyin gado ke jere a kansu.

Andrew Hattersley likita ne mai duba masu ciwon sukari a asibiti, kuma mai bincike. Tun a 1992, yana Oksfod, ya yi aiki kan iyalan da ciwon ke bi daga kaka zuwa jika saboda canji a ƙwayar gado ta gulukokaines, sinadarin da ƙwayoyin beta ke gane yawan sukari da shi. A 1995 ya koma birnin Eksita a Ingila, inda shi da Sian Ellard, masaniyar gwajin gado, suka kafa ɗakin gwaji. A 2004 ayarinsu, da Anna Gloyn a kan gaba, suka duba mutum 29 da ciwon ya kama tun suna jarirai, suka sami canji a KCNJ11 a 10 daga cikinsu. Canjin yana hana ATP rufe ƙofar. Ke nan ƙwayoyin beta na nan da ransu, insulin na nan jibge a ciki, umarnin fita ne ba ya isowa. Abin da ya fi burge ni a wannan aiki shi ne, da yake akwai likitoci masu rubuta magani kullum a cikinsu, nan take suka tuna da rukunin magungunan salfonilyuriya, waɗanda ake ba manya tun shekarun 1950. Waɗannan magunguna suna kama SUR1 su rufe ƙofar ba tare da sun jira ATP ba. A 2006 Ewan Pearson da sauran ayarin suka fitar da sakamakon mutum 49 masu canji a KCNJ11 da aka gwada wa maganin: 44 sun bar insulin gaba ɗaya, kuma HbA1c ɗinsu ya sauko daga 8.1 zuwa 6.4 cikin ɗari a mako 12. Maganin da aka fi amfani da shi gilibenkilamaid ne, ƙwayar nan mai miligiram 5 da mutane da yawa suka sani da sunan Daonil, wadda ake samu a kantin magani da araha.

To, ɗaukar jini don gwajin gado. Muna amfani da kwalba mai murfi shunayya, wadda ke da EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa. Mai koren murfi tana da hefarin, shi kuma yana hana aikin ninka DNA, sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, a ɗakin gwaji, don haka samfurin da aka zuba a cikinta yakan zama asara. Daga jariri mililita 1 zuwa 2 ta isa, daga uwa da uba kuma kamar 5 kowanne. Ana juya kwalbar a hankali sau takwas zuwa goma, ba a girgiza ta, kuma a rubuta suna da ranar haihuwa a bakin gadon kafin a ɗaga ƙafa. Kwalba uku iri ɗaya, sunan mahaifi ɗaya, musanya ba ta da wuya. Idan an yi wa jariri ƙarin jini kwanan nan sai an faɗa wa ɗakin gwaji, domin fararen ƙwayoyin wanda ya bayar na iya gauraya da nasa. Ana ajiye jinin a firij, ba a cikin ƙanƙara ba, a aika shi a farkon mako don kada ya kwana a hanya ranakun hutu. Idan tafiyar mai nisa ce, ya fi kyau a tace DNA ɗin a ɗakin gwajin wani asibitin koyarwa a aika shi, don ya fi jure zafi. Ɗakin gwajin Eksita ya daɗe yana karɓar samfur daga ƙasashe da dama, kuma ya yi wa jarirai masu yawa gwajin kyauta.

Takardar da ke rakiyar jinin ba ta gaza jinin muhimmanci ba, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Muna rubuta makonnin jariri ranar da aka gano ciwon, makonnin cikin da aka haife shi, nauyin haihuwa, sukarin ranar farko, da adadin insulin a kan kowane kilo. Sai dangantakar iyaye, a fayyace: 'ya'yan wa da ƙani ne, ko ɗan mace da ɗan namiji, ko dangi na nesa. Sai yayyen da suka rasu suna jarirai ba a san dalili ba. Sai sauran alamomi: babban harshe, zawo mai naci, ƙuraje, shawara, matsalar zuciya, rashin ji, jijjiga. Fitar cibiya ma ana rubutawa, amma a wajenmu jarirai masu lafiya da yawa na da ita, don haka ita kaɗai ba ta nuna komai.

A ɗakin gwaji ana ninka ɓangaren da ake so a karanta shi harafi bayan harafi. KCNJ11 mai sauƙi ce, yanki ɗaya ce, tana tsara furotin mai tubali 390. ABCC8 kuwa yanki 39 ce. Idan mutum na da canji a kwafi ɗaya, a kan allon kwamfuta sai a ga tsauni biyu masu launi daban sun hau kan juna a gurbi ɗaya. Wanda aka fi gani shi ne R201H, ma'ana tubali na 201 ya sauya, daidai kusa da inda ATP ke zama. Yanzu ana karanta ƙwayoyin gado fiye da 20 a lokaci guda, sannan akwai gwaji na daban na wani yanki a kuromosom na 6 da ake kira 6q24.

A nan nake so a tsaya a lura, domin ya shafe mu kai tsaye. A 2015 Elisa De Franco da abokan aikinta na Eksita suka fitar da sakamakon mutum 1,020 daga ƙasashe 79. An gano dalilin a fiye da 80 cikin ɗari. Inda iyaye ba su da dangantaka, 46 cikin ɗari matsalar ƙofar fotashiyam ce. Inda auren zumunci ne, 12 kacal. A waɗannan iyalai abin da ya fi yawa shi ne canji a EIF2AK3, wanda ke kawo ciwon Wolcott-Rallison: sukari tun jariri, daga baya matsalar ƙashi da gajarta, da hanta mai tashi farat ɗaya idan yaro ya yi zazzaɓi. Wannan ƙwayar sha ba ta yi masa komai, insulin ne maganinsa, tare da sa ido a kan hanta. Haka mai canji a ƙwayar INS, ta insulin ɗin kanta. Akwai mai canji a SLC19A2, wanda ke zuwa da ƙarancin jini da rashin ji, kuma sinadarin tayamin na taimaka masa. Akwai mai GATA6, wanda fankiriyas ɗinsa bai ginu ba, sau da yawa da matsalar zuciya, kuma ban da insulin yana buƙatar maganin narkar da abinci. Tunda auren zumunci ya yawaita a ƙasar Hausa, ba daidai ba ne a ji labarin ƙwayar sha a cire wa jariri insulin a kan zato. Wasu likitoci kan gwada ƙwayar kafin sakamako ya dawo. Ni a ganina idan za a yi haka, to a kwance a asibiti, bayan an riga an ɗebi jinin, kuma insulin na ci gaba.

Idan sakamako ya nuna KCNJ11 ko ABCC8, sai mu kwantar da yaro na kamar mako ɗaya. Ranar jajibiri muna auna nauyinsa a sikeli mai kyau, mu duba hanta da ƙoda, mu rubuta inda ya kai a girma: yana riƙe wuya, yana zama, yana rarrafe. Muna gwada sukari kafin kowane abinci, da bayan awa biyu, da kafin barci, da tsakar dare. Kuma muna zuwa wurin mai harhaɗa magani tun da wuri mu yi masa bayani, domin adadin zai ba shi tsoro, kuma yana da gaskiya. Babba mai kilo 70 ba ya wuce miligiram 15 zuwa 20 a rana, wanda bai kai 0.3 a kan kilo ba. Waɗannan yara kuwa ana iya kai su miligiram 1 a kan kilo, wasu har fiye.

Ɗauki jariri mai kilo 5. Rana ta farko miligiram 0.1 a kan kilo, sau biyu, wato 0.5 da safe, 0.5 da yamma, ana ba shi daf da shan nono. Idan sukarin kafin abinci ya ci gaba da zarce 7, wato 126 a ɗaya ma'aunin, washegari kowane sha ya koma miligiram 1. Rana ta uku 1.5, ta huɗu 2, ta biyar 2.5 sau biyu, ya kai miligiram 1 a kan kilo a rana ke nan. Duk lokacin da sukarin kafin abinci ya sauko ƙasa da 7, sai a tsayar da ƙarin ƙwayar, a rage insulin ɗin wannan abincin da rabi, a kuma riƙa rage mai dogon aiki. Galibi ba a kaiwa ƙarshen matakalar. A binciken 2006 matsakaicin abin da aka buƙata 0.45 ne a kan kilo a rana. Idan gida za a yi saboda nisa ko kuɗin gado, ana farawa da 0.1 a kan kilo a rana, a ƙara 0.1 duk mako, amma sai iyayen suna da na'urar gwaji da isassun tsinkaye, da waya a hannu.

Ba jariri rabin miligiram daga ƙwaya mai miligiram 5 shi ne inda aikin yake. A Turai akwai na ruwa mai suna Amglidia tun 2018, mu kuwa ƙwaya muke da ita. Ana sa ta tsakanin cokali biyu a murƙushe ta ta zama gari lilis, a juye a ƙaramin kofi mai tsabta, a auna mililita 5 na tafasasshen ruwan da ya huce da sirinji a zuba. Kowace mililita miligiram ɗaya ce ke nan. Amma wannan magani ba ya narkewa. Idan ka ajiye kofin ka duba bayan minti ɗaya za ka ga farin gari ya kwanta a ƙasa, ruwan sama ya washe. Wanda ya ja daga sama ruwa ya ba yaro, wanda ya ja daga ƙasa ya ba shi ninki. Don haka ana motsawa sosai, a ja nan take da sirinji mai mililita 1, a ɗiga a gefen kunci, a zubar da ragowar, sha na gaba a haɗa sabo. Ba ma sallamar uwa sai ta yi da hannunta sau uku a gabanmu, kuma muna so a koya wa mutum na biyu a gidan, uba ko kaka, saboda ranar da ba ta nan.

Abubuwan da kan ɓata tafiyar sanannu ne. Zawo na 'yan kwanaki yakan zo a farko, yakan wuce da kansa, ana ba da ruwan gishiri da sukari ba tare da an daina maganin ba. Wasu haƙoransu kan sauya launi, musamman masu tauna ƙwayar, shi ya sa ake kurkure baki ko goge dasashi bayan sha. Faɗuwar sukari mai tsanani ba ta da yawa, domin a waɗannan yara insulin ya fi fita ne idan abinci ya shiga hanji. Duk da haka idan sukari ya sauka ƙasa da 4, ko yaro ya ƙi nono, ana ba shi abin sha mai sukari a duba adadin. Babban kuskure shi ne saurin fid da rai. Wanda ya shekara goma sha biyar yana allura ba zai amsa kamar jariri ba, yana iya ɗaukar makonni ko watanni, yana shan ƙwaya takwas a rana idan kilonsa 40, insulin na raguwa kaɗan-kaɗan. Sai kuma mantawa da nauyi: jariri kan ninka nauyinsa cikin 'yan watanni, adadin jiya ya zama rabi a kan kilo, shi ya sa duk zuwa asibiti ake aunawa a sake lissafi. Ana kuma sayen ƙwayar a amintaccen wuri guda, domin idan sukari ya hau ba dalili bayan an buɗe sabon kwali, kwalin ne abin zargi na farko. Muna barin kwalbar insulin ɗaya a gida saboda ranar amai ko zazzaɓi mai zafi. Inda babu firij, ana sa ta a leda a ajiye cikin tukunyar ƙasa da aka zaunar a jiƙaƙƙen yashi a inuwa.

A 2018 Pamela Bowman da ayarin suka bi mutum 81 masu canji a KCNJ11 na kimanin shekara goma, suka tarar 93 cikin ɗari har lokacin ƙwayar kaɗai suke sha, sukarinsu a daidai.

Wannan ƙofa akwai irinta a ƙwaƙwalwa da tsoka. Shi ya sa kamar ɗaya cikin biyar na masu KCNJ11 ke da jinkirin zama da tafiya da magana, ko raunin jiki, wasu har da farfaɗiya. Canjin V59M ya yi suna a wannan. Insulin ba ya taɓa wannan ɓangare ko kaɗan, ƙwayar kuwa tana ɗan taimakawa, kuma an fi ganin amfaninta idan an fara da wuri. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a bar jinin jariri ya yi wata uku a firij ana jiran sa hannu. Muna gaya wa iyaye gaskiya cewa sukari zai daidaita fiye da yadda magana da karatu za su daidaita, mu haɗa su da masu motsa gaɓoɓi tun yaron na ƙarami.

Masu matsalar 6q24, da wasu masu ABCC8, nasu mai wucewa ne. Bayan kamar wata uku buƙatar insulin ta ragu har ta ƙare, kuma dole a riƙa rage shi da sauri don kada sukari ya faɗi. Iyaye kan ɗauka an warke. Kusan rabinsu ciwon na dawowa lokacin balaga ko lokacin juna biyu, don haka muna rubuta sakamakon gwajin a takarda mu ce a adana ta tare da takardar haihuwa.

Kafin sallama muna zama da uwa da uba tare, domin tambayar da ke ransu ita ce ta haihuwa ta gaba, kuma sau da yawa dangi sun riga sun ɗora wa uwa laifi. A yawancin masu KCNJ11 babu canjin a jinin uwa ko uba, a jikin yaron ya fara, don haka haɗarin maimaituwa kaɗan ne, ko da yake akwai shi. Shi yaron idan ya girma, kowane ɗa da zai haifa yana da rabi da rabi. A irin su Wolcott-Rallison kuwa uwa da uba kowanne na ɗauke da kwafi ɗaya, kamar dai yadda masu AS suke a sikila, kuma kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne. Muna roƙon a haifi na gaba a asibiti, a gwada sukarinsa a kwanakin farko da kuma makonnin da ke biye, a ɗebi jinin cibiya a kwalba mai murfi shunayya tun a ɗakin haihuwa. Tunda an riga an san gurbin da za a duba, wannan karon harafi ɗaya kawai ɗakin gwaji zai karanta.